Darasin Lafiya da Doka: Mai Taɓin Hankali a Gaban Kotu, da Abin da Ke Biyo Bayan Hukunci

A cikin masu zuwa sashen kula da masu taɓin hankali, lokaci-lokaci mukan ga wani dattijo ko wata uwa daga Ikara, ko Makarfi, ko Kudan, riƙe da takardar kotu, suna tambaya: "Likita, an ce ɗanmu ba shi da laifi saboda ba ya cikin hayyacinsa, to me ya sa ba a sake shi ba?" Wasu kuma sukan ce tun da hukuma ta tafi da shi, shi ke nan, sun bar wa Allah. Dukkansu biyu ba su fahimci yadda doka take ba. Hukuncin da ya ce mutum ba shi da alhakin laifi saboda taɓin hankali mafarin wata doguwar kulawa ce, wadda kotu da likita da dangi kowa yake da aikinsa a ciki. Idan dangi suka janye jiki, mutum yana iya warkewa ya kuma ci gaba da zama a tsare shekara da shekaru, don babu mai tambayar labarinsa. Wannan shi ne darasinmu na wannan fitowa.

Mu ɗauki misali

Don darasin ya zauna sosai, mu ƙaddara wani saurayi manomin rake a wani ƙauye na ƙasar Makarfi. Wata shida yana ƙin barci, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana kiran sunansa da dare, kuma maƙwabcinsa yana zuba masa guba a rijiya. Dangi suka kai shi wajen masu magani, aka yi hayaƙi, aka yi rubutu, amma ba a kai shi asibiti ba. Wata rana da safe ya ɗauki adda ya sari maƙwabcin. 'Yan sanda suka kama shi. Misali ne kawai, amma duk wanda ya daɗe yana aikin asibiti ya san irinsa. Za mu bi wannan saurayi mataki-mataki.

Tambaya ta farko: zai iya tsayawa a yi masa shari'a?

Kafin a shiga maganar ko ya aikata ko bai aikata ba, dole kotu ta tabbatar cewa wanda ake tuhuma ya san abin da ake ciki. Ya gane tuhumar da ake yi masa? Ya san bambancin amsa laifi da musantawa? Zai iya yi wa lauyansa bayani, ya bi abin da shaidu suke faɗa? Idan alƙali ya ga alamar ba haka ba, sai ya dakatar da shari'a ya tura shi wajen likita a duba shi. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta shekarar 2015 ta ƙayyade wannan zaman dubawa kada ya wuce wata ɗaya. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a shekarar 2017, kuma ita ce kotunan jiha suke aiki da ita.

Idan likita ya rubuta cewa ba zai iya kare kansa ba, sai a ɗage shari'ar har ya samu sauƙi. A ƙananan laifuffuka da ake ba da beli, kotu tana iya damƙa shi ga danginsa idan sun ɗauki alkawarin za su kula da shi, su hana shi cutar da kansa ko wani, su kuma kawo shi duk ranar da aka neme shi. A manyan laifuffuka, kamar kisan kai, ana tsare shi. A lura: a wannan mataki ba a yanke masa hukunci ba. Shari'ar tana jira ne kawai. Nan ne kuma mutane da yawa suke maƙalewa, domin idan ba a ba shi magani ba, ba zai samu sauƙi ba, idan kuma bai samu sauƙi ba, shari'a ba za ta ci gaba ba.

Tambaya ta biyu: yaya hankalinsa yake a lokacin da ya aikata?

Wannan tambaya daban take da ta farko. Ta farko tana duban yau, ta biyu tana duban ranar da abin ya faru. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a shekarar 1960, ya tanadi a sashe na 51 cewa babu laifi a kan wanda taɓin hankali ya hana shi sanin irin abin da yake aikatawa, ko ya hana shi sanin cewa abin ba daidai ba ne ko ya saɓa wa doka. An samo wannan kundi daga na ƙasar Sudan, shi kuma daga na Indiya na shekarar 1860. Jihar Kaduna ta sabunta nata kundin a 2017, ƙa'idar kuwa tana nan.

Asalin wannan ma'auni daga Ingila yake. A shekarar 1843 wani mutum mai suna Daniel M'Naghten, wanda ya yi imanin cewa 'yan siyasa suna bin sa za su halaka shi, ya harbe Edward Drummond, sakataren Firayim Minista Robert Peel, a birnin Landan. Kotu ta ce ba shi da laifi saboda taɓin hankali. Jama'a suka fusata, har majalisa ta nemi manyan alƙalai su fayyace ma'aunin da za a riƙa bi. Abin da suka fayyace shi ne tushen abin da kotunanmu suke dubawa har yau. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe game da M'Naghten shi ne bai koma gida ba. Ya zauna a asibitin Bethlem, daga baya aka mayar da shi Broadmoor, can ya rasu a 1865, bayan shekara 22 a tsare.

A shari'ar Musulunci ma, wadda kotunan shari'a na yankinmu suke aiki da ita, malamai sun haɗu a kan cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a yi masa haddi ko ƙisasi a kan abin da ya aikata cikin wannan hali. Amma haƙƙin wanda aka cuta ba ya faɗuwa. A mazhabar Malikiyya, ɓarnar dukiya ana biyanta daga dukiyarsa, kisan da ya yi kuma ana ɗaukarsa kamar na kuskure, diyya ta hau kan danginsa na wajen uba.

Abubuwa uku da ya kamata a sani

1. Doka tana ɗaukar kowa mai hankali ne har sai an tabbatar da akasin haka. Ɓangaren wanda ake tuhuma ne zai kawo hujja.

2. Samun cutar ƙwaƙwalwa kaɗai bai isa ba. Mutum yana iya zama yana shan maganin taɓin hankali, ya kuma saci akuya yana sane sarai da abin da yake yi. Irin wannan ana hukunta shi kamar kowa.

3. Wanda ya sha wiwi, ko tiramol, ko kodin da ganin damarsa, ya bugu ya yi ɓarna, maye ba ya wanke shi daga laifi. Amma idan shaye-shaye na tsawon lokaci ya jawo masa cutar ƙwaƙwalwa sosai, likita zai bayyana wa kotu, alƙali ya auna.

Cututtukan da suka fi kawo irin wannan magana gaban kotu su ne sikizofireniya, wadda a shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana samun kimanin mutum 1 cikin 300. Da cutar da kan sa mutum tashin hankali da rashin barci na kwanaki, daga baya kuma ya faɗa cikin matsanancin baƙin ciki. Da taɓin hankalin da kan sami mai jego a makonnin farko bayan haihuwa, wanda ke samun kamar mace 1 ko 2 cikin 1,000. Da ruɗewar da kan biyo bayan faɗuwar mai farfaɗiya. Da gushewar hankali saboda zazzaɓi mai tsanani ko sanƙarau. Sai dai a sani, mafi yawan masu waɗannan cututtuka ba sa cutar da kowa. Su ne ma aka fi zalunta, da duka da ɗauri da jifan yara.

Mene ne aikin likita a nan?

Likita ba ya yanke hukunci. Aikinsa ya duba mara lafiya, ya rubuta rahoto, in an kira shi ya je kotu ya ba da shaida. Alƙali ne yake yanke magana. Tun da likita ba ya wurin ranar da abin ya faru, yana dogara ne da abin da aka kawo masa: tsohon katin asibiti, kwalin maganin da aka taɓa sha, bayanin uwa ko mata ko aboki game da yadda halinsa ya canza, bayanin mai unguwa, da na ɗan sandan da ya kama shi. Shin ya gudu bayan abin ya faru, ko ya tsaya yana surutai? Ya ɓoye makamin? Akwai tarihin irin cutar a dangi? Duk waɗannan kotu tana saurarensu.

Saboda haka muke roƙon jama'a, kada a zubar da katin asibiti. Katin da aka yanka a babban asibitin Ikara, ko na Makarfi, ko asibitin Hunƙuyi shekara uku da suka wuce yana iya zama hujjar da ta fi kowace ƙarfi. Saurayin misalinmu ba shi da kati ko ɗaya, don ba a taɓa kai shi asibiti ba. Wannan zai wahalar da lauyansa ƙwarai.

Tambaya ta uku: bayan hukunci sai me?

Mu ƙaddara Babbar Kotun Jiha da ke zama a Zariya ta gamsu cewa saurayin ya aikata, amma ba ya cikin hankalinsa. Alƙali zai rubuta abu biyu a hukuncinsa: cewa shi ne ya aikata, da cewa ba shi da alhakin laifi. Daga nan sai ya ba da umarnin a ajiye shi a wuri amintacce, a kuma kai rahoto ga hukumar da doka ta ba ikon cewa ga inda zai zauna. A tsohon tsari Gwamna ne, shi ya sa ake cewa an tsare mutum "sai abin da Gwamna ya gani". A dokar tarayya ta 2015 Antoni-Janar ne. Wannan salo ma daga Ingila aka gaje shi, tun shekarar 1800, lokacin da James Hadfield ya harbi Sarki George na Uku bai same shi ba, kotu ta wanke shi saboda taɓin hankali, majalisa kuma ta yi dokar tsare irinsa har sai abin da sarki ya gani.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 35, ya yarda a tsare mai taɓin hankali don a kula da shi, ko a yi masa magani, ko a kare jama'a. Ke nan dalilin tsarewar magani ne da kariya, ba horo ba. Amma ga inda matsalar take: wanda aka ɗaure shekara 5 ya san ranar fitarsa, shi kuwa wannan ba a sa masa rana ba. Fitarsa ta dogara ne da samun sauƙinsa, da rahoton likita, da sa hannun hukuma, da samun wanda zai karɓe shi.

Wurin da ya fi dacewa da shi asibiti ne. A jiharmu akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, akwai kuma sashen kula da masu taɓin hankali a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Amma gadajen da aka tanada musamman don masu shari'a a kansu kaɗan ne a ƙasar nan, don haka da yawa sukan ƙare a gidan gyaran hali.

Su wa ke sa ido?

1. Likitan da yake duba shi. Doka ta ɗora masa ya riƙa lura da halin mara lafiya, ya rubuta rahoto ga hukuma. Idan ya ga ya samu sauƙin da za a iya sakinsa ba tare da haɗari ga kansa ko wani ba, sai ya ba da takardar shaida.

2. Ofishin Antoni-Janar kuma Kwamishinan Shari'a na jiha. Nan fayil ɗin manyan laifuffuka yake bi, nan kuma ake rubuta takardar roƙo.

3. Babban Jojin Jiha. Doka ta ba shi ikon ziyartar gidajen gyaran hali ya duba waɗanda suka daɗe suna jiran shari'a. Wanda aka ɗage shari'arsa saboda rashin lafiya, sunansa ya kamata ya shiga jerin da za a gabatar.

4. Hukumar gidajen gyaran hali. Dokar 2019, wadda ta sauya wa gidajen yari suna da tsari, ta tanadi a mayar da fursuna mai taɓin hankali asibiti, ta kuma tanadi kwamitin da zai riƙa duba lamarinsu a jihohi.

5. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023. Ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda asalinta na zamanin Turawa ne tun 1916. Sabuwar dokar ta tabbatar da haƙƙin mara lafiya na samun magani, da mutunci, da kai ƙara idan an tauye shi.

6. Hukumar ba da lauya kyauta ga marasa ƙarfi, wadda aka kafa a 1976, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Duka biyu suna da ofis a Kaduna.

Duk waɗannan suna cikin doka. Amma ma'aikata suna canza wurin aiki, alƙalai suna ritaya, fayil kuma ba ya tafiya da ƙafarsa. Idan babu mai zuwa yana tambaya, sai ya kwanta a ƙarƙashin wasu. Mai sa ido na bakwai, wanda ya fi sauran tasiri, shi ne ɗan'uwa.

Aikin dangi

Doka ta buɗe wa dangi ƙofa. Ɗan'uwa ko aboki yana iya rubuta wa hukuma ya nemi a damƙa masa mara lafiya, idan ya ba da tabbacin zai kula da shi, zai hana shi cutar da kansa ko wani, zai kuma kawo shi a duba shi duk lokacin da aka ce. Hukuma ba za ta saki mutum ya fita ba shi da inda zai sa kansa ba. Ga abin da muke ba da shawara:

1. A zaɓi mutum ɗaya tsayayye a cikin dangi ya zama shi ne mai bin maganar.

2. A sayi littafi a rubuta lambar ƙara, sunan kotu, ranar kowane zama, da inda aka ajiye shi. A nemi kwafin hukunci wajen magatakardan kotu.

3. A riƙa ziyara, ko da sau ɗaya ne a wata. A tambaya: yana samun magani? Wane iri? Yaushe likita ya gan shi na ƙarshe?

4. Idan ya fara samun sauƙi, a nemi likita ya sake duba shi ya rubuta rahoto.

5. A kai rahoton ga lauya, a rubuta takardar roƙo, a ajiye kwafi, a riƙa komawa ana tuntuɓa.

6. A sa dagaci da hakimi da liman cikin maganar tun da wuri. Dangin wanda aka cuta suna da ciwo a rai, suna kuma da tsoro, kuma suna da gaskiyarsu. A je musu da jaje da ban haƙuri, a daidaita abin da ya hau kan dangi na diyya ko kuɗin magani. Wani lokaci hikima ita ce ya fara zama wajen wasu 'yan'uwa a wani gari kafin ya dawo unguwa.

Bayan ya dawo gida

Ranar sallama ba ita ce ƙarshen aiki ba. Wanda ya sa hannu ya karɓe shi ya ɗauki amana a gaban doka. Babban abin da ke dawo da cutar shi ne daina shan magani. Mafi yawan masu sikizofireniya da suka bar magani cutar takan dawo musu cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Idan haɗiyar ƙwaya kullum tana wuya, a gaya wa likita, akwai allurar da ake yi duk bayan mako 2 zuwa 4. Idan magani yana sa shi sanƙarewar jiki, ko rawar hannu, ko dalalar miyau, ko yawan barci, kada a daina, a dawo asibiti a gyara masa. Addu'a da ruƙiyya ba su hana shan magani, a haɗa su.

A bar shi ya yi aiki gwargwadon ƙarfinsa. Ya je gonar rake ko ta tumatir tare da wani, ya je masallaci, ya zauna cikin mutane. Zaman banza da tsangwama suna ƙara cutar. A nisanta shi da wiwi da sauran kayan maye.

Alamun da za a garzaya asibiti a kansu su ne: kwana biyu ko uku babu barci, komawa magana shi kaɗai, zargin wani mutum takamaimai da cewa yana nufinsa da sharri, ƙin cin abincin gida don tsoron guba, kwana da wuƙa ko adda, da maganar kashe kansa ko wani. Idan aka ga haka a ɗauke makamai da maganin ƙwari daga ɗakin, a yi masa magana a hankali, kada a taru a kansa da ihu, a kawo shi a ranar.

Kada a sa shi a mari ko turu. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki. Ɗauri yana kawo gyambo da shanyewar gaɓa, yana ƙara tsoro da ƙiyayya a zuciyar mara lafiya, ba ya kuma warkar da komai. Wanda ya ɗaure mutum haka shi kansa yana iya fuskantar tuhuma.

Komawa ga saurayinmu

Wata shida ya yi yana nuna alamu kafin ya ɗauki adda. Da a cikin watannin nan an kai shi asibiti mafi kusa, aka turo shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, da wataƙila maƙwabcinsa yana nan lafiya, shi kuma yana gonarsa. Kuɗin mota daga Makarfi ko Hunƙuyi zuwa Zariya da kuɗin maganin wata ɗaya ba su kai kwatankwacin abin da shari'a take ci ba. Rigakafi ya fi magani. Wanda kuma nasa ya riga ya shiga hannun hukuma, kada ya ce ya bar wa Allah ya zauna. Ya nemi lambar ƙara, ya je ziyara, ya tambayi likita. Ɗan'uwa rabin jiki ne, ko da yana tsare.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambanci tsakanin rashin iya tsayawa shari'a da rashin alhakin laifi?

2. Me ya sa ba a sakin mutum nan take bayan kotu ta ce ba shi da alhakin laifi?

3. Waɗanne alkawura ɗan'uwa yake ɗauka kafin a damƙa masa mara lafiya?

4. Kawo alamu huɗu da ke nuna cutar tana neman dawowa.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi likita, ko ma'aikatan jinya, ko jami'in jin daɗin jama'a a sashen kula da masu taɓin hankali, ya kuma zo da duk takardun da ke hannunsa. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri, amin.